Tabarmar Kamfani

Shafi na 17

Mun tsaya inda Bu Retno, wakiliyar kamfanin koya wa yara kiɗa, ta sa aka rufe daɓen falon Mahrita, inda take ajin yaran, da tabarmar roba. Ta ce ranar Asabar za ta dawo da mai ɗaukar bidiyo, kuma Raudah, 'yar Mahrita, ita za ta tsaya a gaba.

*

"Raudah. Tsaya."

Ganga ta riga ta yi shiru. Yaran duk sun ƙame inda suke, wani ƙafa ɗaya a sama, wata ta toshe baki tana danne dariya. Raudah kaɗai ke ta juyi a tsakiyar falo, hannuwa a ware.

Sai da juyin ya kawo fuskarta wajen sauran, ta gan su a tsaye, sannan ta tsaya. Ta dubi uwarta. Ta yi murmushi.

Mahrita ba ta mayar mata ba.

Wasan ba shi da wuya. Malama ta zauna a ƙasa, ta ajiye ganga a bayan ɗan allo don kada yara su ga hannunta. In ta kaɗa su yi rawa, in ta daina su ƙame. Haka kamfani ya tsara, yaro ya bi kunnensa ba idonsa ba. Tun Raudah na tatata ba wanda ya taɓa riga ta tsayawa a wasan nan. Rabin matan da ke jingine da bango yanzu, ita suka gani suka kawo nasu 'ya'yan.

Amma tun da satin nan ya kama, ko sau ɗaya ba ta dace ba.

"Yau ma 'yar malama yajin aiki take," in ji Bu Lisna, uwar Dafa, tana fifita da kwalin biskit.

Matan suka yi dariya. Mahrita ma ta yi, irin wadda aka koya musu a kwas, haƙora a waje.

"Mu sake. Kowa ya buɗe kunne."

Suka sake. Haka dai.

Ta ja su zuwa waƙar sallama. Muryarta ta dushe tun waƙa ta biyu, rigar kamfani mai ruwan lemo ta manne mata a baya. Ta ɗaga wa kowane yaro hannu da sunansa. Ta ɗauki hoton da za ta tura ofishin kamfani a Surabaya, ta sake ɗauka don Dafa ya sa yatsa a hanci.

Kowa ya watse sai Bu Lisna, ta tsaya a baranda tana laluben takalmi.

"Bu Mahrita, kada ki ji haushina."

"Haba dai."

"Dafa sa'anta ne. Shi in ya fara ba ni labari sai na roƙe shi ya yi shiru. Ita Raudah har yanzu ban ji bakinta ba."

"Ubanta ta ɗauko. Shi ma maganarsa ta yini ba ta cika cokali."

"To. Na dai ce bari in faɗa."

"Na gode. A gaida mai gida."

Ta tsaya har matar ta hau gadar katako ta yi nisa. Sannan ta sauke murmushin.

Ruwa ya taso a ƙarƙashin gida, ana jin sa yana lasar turaku. Falon na warin sabuwar roba. Kacau-kacau a warwatse, ƙararrawa ɗaya ta shige ƙarƙashin kujera, wani yaro ya zubar da madara a kusurwa. Duk sai ta goge su ɗaya bayan ɗaya kafin ajin rana.

Raudah na zaune a tsakiyar tabarma, ta ba ta baya, tana jera kacau-kacau bisa launi.

"Raudah, zo nan."

Shiru.

"Da ke nake. Kin kunyata ni a gaban mutane, yanzu kuma kin ba ni ƙeya?"

Yarinyar ta ɗauki ja ta ajiye kusa da ja.

"Asabar ma haka za ki yi min? A gaban Bu Retno?"

Nini Masniah, uwar mijinta, ta leƙo daga ƙofar kicin, ludayi a hannu. Iyakar tabarmar ke nan, daga ƙofar kicin zuwa ciki katako ne tsirara. Tsohuwar ta dubi jikarta, ta daki daɓen da diddige.

Raudah ba ta motsa ba.

Ta sake duka, da ƙarfi. Kwanuka suka yi ƙara a kan kanta.

Ko gezau.

Tsohuwar ta ja tsaki. "Wannan tsinanniyar tabarma ta raba ni da jikata," ta faɗa ƙasa-ƙasa. Ta tako ta zagayo ta gaban yarinyar, ta sunkuya, ta kai hannu baki alamar abinci. Raudah ta miƙe da gudu ta yi kicin.

Mahrita ta ajiye tsumman da ke hannunta.

"Uma, me kika ce?" Haka ake kiran uwa a nan.

"Na ce abinci na hucewa."

"Kafin wannan."

"Ni tsohuwa ce, ina riƙe abin da na faɗa ne?"

"Kin ce tabarma ta raba ki da ita."

"Santsi gare ta. Jiya saura kaɗan in faɗi."

"Ba ki hau ta ba lokacin da kika faɗa. Daɓe kika daka."

Nini Masniah ta juya ludayin a hannu. "Mijinki na hanya. Ki zo ki tsame kifin nan, ni idona ba ya ganin ƙaya."

Ta shige.

Mahrita ta tsaya a wurin. Sau nawa ta ga tsohuwar nan na dukan daɓe? Ba adadi. Ta ɗauka halin tsufa ne, ƙiwar buɗe baki. Mijinta Jumberi ma yana yi. Ta lalubi ranta, ta tarar ita ma tana yi, in hannunta na cikin wanki. Ba ta san ranar da ta koya ba.

Ƙarar injin kwale-kwale ta matso, ta zo daidai bayan gida, ta mutu. Jumberi ya ɗaure igiya, ya hawo matakalar baya. Ta ji shi ya tsaya a ƙofa. Ta ji dum, dum, diddigensa a kan katako.

Sai gudun ƙananan ƙafafu, da dariyar Raudah.

Ta same su a kicin. Ya ɗaga yarinyar sama, hularsa na kanta. Yana ganin fuskar matarsa ya sauke ta a hankali.

"Ding, lafiya?" Haka yake kiranta, yadda mazan nan ke kiran matansu.

"Me ya sa ba ka kira sunanta?"

"Wa?"

"'Yarka. Ka shigo, ba ka ce Raudah ba. Ka daki ƙasa."

Ya dubi uwarsa. Uwarsa ta dubi tukunya.

"Kada ka dube ta. Ni na tambaye ka."

"Bari in wanke hannu."

"Ruwan ba zai gudu ba."

Ya cire jakar da ke wuyansa ya rataye a ƙusa. Ya daɗe yana gyara ta, kamar ƙusar ce ta ƙi.

"Ki zauna."

"A tsaye nake tun asuba, ban faɗi ba."

"Ding."

"Abah Raudah," ta ce, wato Baban Raudah, "ka yi magana. Ina da aji nan gaba kaɗan."

Ya shafa fuska da tafin hannu. "Ba ta ji."

"Na san ba ta ji. Taurin kai ne da ita kamar..."

"Ba wannan ba. Kunnenta."

Fanka na juyawa a sama. Raudah ta haye kujera ta jawo farantin shinkafa, tana ɓare kifi da yatsu.

Mahrita ta yi 'yar dariya. "Raudah? Yarinyar da ba a taɓa cin ta a wasan ganga ba?"

"A ƙasa kike ajiye gangar."

"To?"

"Gidan katako ne. Da ƙafa take ji. Ko ni in ina kwance a ɗaki kina kaɗawa, a haƙarƙarina nake jin ki." Ya nuna falo da haɓa. "Yanzu an sa roba."

"Shirme."

"To."

"Ina yi mata waƙa ta yi barci. Kullum. In na daina ta buɗe ido."

"A ina take kwanciya in kina waƙar?"

Mahrita ta sani. A ƙirjinta.

"Tana cewa Uma. Tana cewa Abah."

"Ta iya su tun kafin. Tun daga nan me ta ƙara?"

Mahrita ta je ta ɗauki yarinyar daga kan kujera, da shinkafa a baki, ta kai ta falo. Ta zaunar da ita a tsakiyar tabarma, fuska ga bango, ta tura mata kacau-kacau. Raudah ta ɗauka sabon wasa ne. Ta gyara zama.

"Ding, ba sai kin..."

"Yi min shiru."

Ta koma bayanta ta tsaya.

"Raudah."

A hankali ta fara. Sannan yadda take kiran yara a aji. Sannan yadda ba ta taɓa ɗaga murya a gidan nan ba.

Ta jawo ƙararrawar da ke ƙarƙashin kujera, ta durƙusa, ta kaɗa ta a bayan kunnen dama. Yarinyar na ta jera shuɗi kusa da shuɗi. Ta koma na hagu. Ta kaɗa har hannunta ya gaji.

Raudah ta ɗan sosa kunnen, kamar sauro ya wuce.

"Na hagun akwai saura kaɗan," in ji Jumberi daga ƙofa. "Haka likita ta ce."

Mahrita ta ajiye ƙararrawar a kan cinyarta. Ba ta juyo ba.

"Likita."

"E."

"Ka kai ta asibiti."

"Ranar da na ce miki za mu Martapura gaida yayata."

"Har da tsaraba kuka kawo min."

"A bakin asibitin na saya."

Ta gyaɗa kai. Ta daɗe tana gyaɗawa.

"Yaushe ka sani?"

"Da daɗewa. Wata rana tana barci a cikin kwale-kwale na tada inji. Kin san ƙarar injina, mutanen ƙetare zagina suke. Kanta na kan cinyata. Ko ido ba ta ƙifta ba."

"Ka dawo gida ka ci abinci. Ka kwanta kusa da ni."

"E."

"Ni kuma ina tsayawa gaban mata ina cewa ku dubi Raudah, kiɗa na buɗe wa yaro kunne. Kana ji."

"Ina ji."

"Ba ka ce komai ba."

"Yaushe zan ce? Da safe kina goge kaya. Da hantsi aji. Da rana aji. In kin idar da magariba kina kan waya da Surabaya. Na taɓa cewa Ding, akwai magana. Kika ce in bari bayan rahoton wata."

"Kada ka ɗora min."

"Ban ɗora miki ba. Kin tambaya ne."

"Ni na hana shi."

Nini Masniah ce. Ta fito ta zauna a bakin ƙofa, inda katako ya ƙare, ta miƙe ƙafafu. Ba ta yarda ta taka robar ba.

"Lokacin cikin ƙanenta Hanafi ya tsufa," ta ce. "Na ce a bari ki sauka. Kika sauka, na ce a bari ki gama jego, kada nono ya ɗauke. Kika gama, ga matar kamfani ta fara sintiri. Kullum da abin da za a jira."

"'Yata ce, Uma."

"Ban ce ba taki ba ce."

"Da bakinki kika ce min ubanta ta ɗauko. Yau ma na maimaita wa Bu Lisna."

"Bu Lisna ta ji da ɗanta mai cin majina."

Ba wanda ya yi dariya.

Waya ta yi ƙara a aljihun rigar Mahrita. Hannunta ya ciro da kansa, ya danna, tsabar sabo. Muryar Bu Retno ta cika falon, fes da ita, kamar wadda ba ta taɓa gajiya ba.

"Bu Mahrita, tuni ne kawai. Asabar a goge wa Raudah rigarta, a ɗaure mata gashi gida biyu. Da wasan ganga za mu buɗe. Na faɗa wa ofis ba su taɓa ganin yarinya mai kunne irin nata ba."

Saƙon ya ƙare. Mahrita ta kife wayar a kan tabarma.

"Kun ji," ta ce.

Jumberi ya sunkuyar da kai.

"Ka ce ta iya Uma da Abah tun kafin. Kafin me?"

Ya hau murza gefen ƙofa da yatsa.

"Abah Raudah. Kafin me?"

"Zazzaɓi ta yi."

"Yara na zazzaɓi. Wanne?"

"Ba kya nan."

Mahrita ta juyo gaba ɗaya. Sau ɗaya ta taɓa kwana a wajen gidan nan tun da ta haifi Raudah.

"Kwas ɗin Surabaya."

"E."

"Kullum sai na kira. Kullum."

"E."

"Ka ce min ta yi barci. Ka ce ta gaji da wasa."

"Kina tsakiyar jarrabawa. In kin taho, sun ce sai wata shekara, kuma unguwar nan su ba wa wata. Kin bar aikinki saboda abin nan. Na ce kwana biyu ne zai sauka."

"Bai sauka ba."

"Bai sauka ba."

"Kuka kai ta asibiti?"

Tsohuwar ce ta karɓa.

"Ba da wuri ba. Na ɗauka gamo ta yi. An wuce da gawa ta gadar nan da yamma tana wasa a baranda, daren jikinta ya ɗau zafi, kunnuwa da tafin ƙafa sanyi ƙalau. Duk alamun sun cika. Na kira mai maganin gamo, aka shafa mata kurkum a goshi da tafin hannu, aka yi addu'a. Haka na yi wa Jumberi yana yaro, ga shi nan a tsaye."

Mahrita ta tuna. Ranar da ta dawo, da takardar shaida a jaka da 'yar ganga sabuwa a leda, ta ɗauki yarinyar ta ji ta yi sauƙi kamar kyanwa. Tafin hannunta rawaya. Aka ce wasa ta yi a kicin.

"Wasa ta yi a kicin," ta faɗa.

"Sai da ta fara jijjiga," in ji Jumberi. "Na sa ta a kwale-kwale muka tafi. Suka riƙe ta. Ana gobe za ki dawo aka sallame mu."

"Ina can ina koyon yadda ake tafa hannu."

"Ding."

"Ana koya min yadda zan durƙusa in dubi yaro ido cikin ido. Har yabo aka yi min. Na fi kowa maki."

Nini Masniah ta goge ido da bakin zane. "In zagi ne ki zage ni. Na daɗe ina jira. Ya fi min wannan zaman."

"Ba ni da ƙarfin zagi, Uma."

Da gaske take. Ta lalubi fushi a jikinta ba ta samu ba. Gajiya ce kawai, tun daga wuya har tafin ƙafa, irin wadda barci ba ya ɗauka.

Raudah ta gama jerin. Ta juyo ta jawo rigar uwarta, ta nuna mata. Ja, shuɗi, kore, kowanne a layinsa. Idonta ba ya kan idon Mahrita. A kan bakinta yake. Kullum a nan yake, sai yau ta lura.

"Ya yi kyau," in ji Mahrita. Ta buɗe baki sosai.

Yarinyar ta tafa, ta ruga kicin wajen kifinta.

"Me likitar ta ce a yi?"

"Akwai na'urar da ake sa wa a kunne. Ta ce na hagun zai iya ɗauka. Ta ce an makara, amma ba a makara duka ba. Da an kawo ta tun..." Ya haɗiye sauran.

"Tun lokacin da ka tada inji."

"E."

"Sai yaushe za a koma?"

"Asabar. Da safe."

Ta yi wani sauti, ba dariya ba, ba kuka ba.

"Dole ma Asabar. Da yaya ka shirya ɗauke ta? Wace yayar taka ce ba lafiya wannan karon?"

"Yau na yi niyyar faɗa miki."

"Ƙarya kake."

"Ƙarya nake," ya ce. "Ban san yadda zan yi ba."

Ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suka yi ƙara. Ta kama gefen tabarmar ta ɗaga, falle ɗaya ya ɓalle daga 'yan'uwansa. Katakon ƙasa ya bayyana, baƙi, sumul, duk ƙafafun gidan sun goge shi. Ta tsaya riƙe da robar. Dokar kamfani ce, ba aji sai da ita. Bu Retno da kanta ta ɗauki hoto.

"Za mu je," ta ce. "Bu Retno ta ɗauki bidiyon Dafa yana haƙar hanci."

Jumberi bai ɗago ba.

Ta san shi. In magana ta ƙare, tashi yake ya nemi abinci. Bai tashi ba.

"Saura me?"

"Ki ci abinci tukuna."

"Saura me, Abah Raudah?"

"Likitar ta ce ba lallai zazzaɓin ne ba."

"Kamar yaya?"

"Ta ce zai iya zama shi. Zai iya zama kuma dama abin na tafe, zazzaɓin ya zo ya tarar. Wani yaron da jinsa ake haihuwarsa, ya riƙa raguwa. Ta tambaye ni ko akwai kurma a dangi. Na ce babu."

"To babu."

"Da na dawo na tambayi Uma."

Mahrita ta dubi tsohuwar. Tsohuwar na murza yatsun ƙafarta.

"Ƙanena Darmawi," ta ce. "Ba ki san shi ba, ya rasu kafin a haifi mijinki. Bai taɓa magana ba. Lokacin ba ma cewa kurma. Cewa muke Allah ya riƙe masa baki." Ta ja numfashi. "Da ƙafa muke kiransa. A wurinsa na koya."

Fallen robar ya zame daga hannun Mahrita.

"Na koma na faɗa wa likitar," in ji Jumberi. "Ta ce Asabar ɗin kada mu zo da Raudah ita kaɗai."

"Da wa?"

Ya dubi ƙofar ɗaki.

Lilon zane na rataye a can daga katakon rufi. Hanafi na ciki, an naɗe shi a zaune har wuya, kansa ya ɗan karkata, bakinsa a buɗe. Tun kafin ajin safe ta shayar da shi ta sa shi a ciki. Yara suka yi tsalle, suka yi ihu, aka kaɗa ganga, aka kunna sifika. Ita kanta yanzun nan ta ƙwala kira har maƙogwaronta na zafi.

Kullum haka yake. Matan aji har santinsa suke. Bu Mahrita, ina kika samo jariri mai haƙuri haka? Ita kuma ta ce ai a cikin kiɗa aka haife shi, ya saba.

"An gwada shi a asibiti da aka haife shi?" ta tambaya.

"A gida kika haihu, Ding. Washegarin suna kika buɗe aji."

A waje gadar katako ta fara amsa ƙafafu. 'Yan ajin rana ne. Wata uwa na cewa a cire takalmi, wani yaro ya riga ya fara waƙar gaisuwa tun daga nesa, yana cin rabin kalmomin.

Mahrita ta sunkuya bayan allo ta ɗauki gangar.

"Kada ki tashe shi," in ji Nini Masniah. "Bai daɗe da..."

"Ya daɗe, Uma."

Jumberi ya tare ƙofar ɗakin da hannu. "Ki bari sai Asabar. Suna da na'ura. Wannan ba zai nuna miki komai ba."

"Matsa."

"Ding, mutane na baranda."

"Kun bar ni na jira abin da ban san ina jira ba. Ba zan ƙara ko yini ɗaya ba. Matsa."

Ya sauke hannun.

Ta shiga. Ɗakin na warin man jarirai da hoda. Ta tsayar da lilon da hannu ɗaya har ya daina motsi. Ba ya taɓa ƙasa, ba ya taɓa bango. Ta ɗaga gangar sama, ta riƙe ta a iska, nesa da zanen, daidai bayan kansa.

"Assalamu alaikum, Bu Mahrita," wata ta kira daga baranda. "Mu shigo?"

Tsohuwar ta taso ta tsaya a bayan ɗanta, ta kama gefen rigarsa.

Mahrita ta daki gangar.

A baranda yaran suka ji, suka hau tsalle suna dariya, gidan duka ya ɗauki rawa.

Su ukun ba su juya ba. Idonsu na kan fuskar Hanafi.